Sunan da Ba a Amsa Ba a Gidan Saja

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Tun da muka dawo daga tafiyar nan, da wuya rana ta fito ta faɗi wani bai tare ni a kasuwar doya ko a ƙofar masallaci ya ce in gaya masa abin da ya sami Kawu ba. Wasu tausayi ne ke sa su tambaya, wasu kuwa na kaiwa majalisa suke nema. Ni kuma tsoro biyu ne ya riƙe ni: kada in ƙara abin da ban gani ba in ɗauki alhaki, kada kuma in rage in cuci mutumin da ya rene ni. Karatuna a firamare ya tsaya, ban saba dogon rubutu ba. Amma jikin Kawu kullum ƙarewa yake yi, na kuma ga shiruna ba zai amfane shi da komai ba.

Sunana Musa, sai dai a garin Lafiya ba wanda ya san ni da shi sai 'yan gida. Malam Anya ake ce mini, don wai ba a taɓa kawo wata shawara ban ce "anya kuwa" ba. Kawu Sale yayan mahaifiyata ne, makaɗin gurmi, shi ya ɗauke ni tun ina ƙarami da iyayena suka rasu. Mu uku muke yawon kiɗa: shi da gurmi da waƙa, Iliya da kalangu, ni da amshi. Iliya mutumin Eggon ne, Kirista, bakinsa ba ya hutawa da tsokana. Da ciwon yana ya rufe idanun Kawu sai aikina ya ƙaru. Ni ke zagawa wurin biki in tsinto sunayen mutane, wane ɗan wane, sana'arsa kaza, in dawo in raɗa masa a kunne, shi kuma ya ɗora a waƙa.

Dole in faɗi wata ɗabi'a ta Kawu, don in ba a san ta ba, ba za a gane sauran labarin ba. In ya kama sunan mutum a waƙa, ba ya sakinsa sai mai sunan ya amsa. Ba kyauta yake jira ba. Ko hannu ka ɗaga, ko ka ce madalla, ko mace ta yi guɗa, ya wadatar. Yakan ce suna amana ne, in ka ɗaga sunan mutum a gaban jama'a ka sake shi bai amsa ba, ka yar da shi a ƙasa ke nan kowa ya taka. Akwai wani biki a Arikya da wani dattijo ya yi fushi da dangin ango ya ƙi amsawa. Kawu ya zauna a kan sunansa har shinkafa ta huce, sai da uwar amarya ta je ta durƙusa wa mutumin sannan ya ɗaga hannu. An daɗe ana dariyar wannan, labarin ya bazu har inda ba mu taɓa zuwa ba.

Ana tsakiyar bazara, lokacin da mangwaro ya cika kasuwa, wani direban motar doya mai suna Yohanna ya zo gida. Ya ce mahaifiyarsa ce ta aiko shi daga ƙauyensu can gaba da Awe, kuma ta ce ba kowa take so ba sai mai gurmin nan da ba ya barin suna. Na yi masa tambayoyi har Iliya ya ce in bar bawan Allah ya sha ruwa. Na tambayi hanya, na tambayi masauki, na tambayi ko akwai burkutu a wurin, ko akwai inda za mu yi salla, ko rijiyarsu tana da murfi. Da na tambayi wane irin biki ne, sai ya dubi ƙasa ya ce taron 'yan gida ne, an daɗe ba a haɗu ba. Ya ce shi zai riga mu tafiya, amma mu taimaka mu tsaya a Awe mu sayo gishirin gargajiya mai yawa, tsohuwar ta ce ba ta son na kanti.

Ranar tafiya Inna Laraba, matar Kawu, ta ɗaure maganinsa na hawan jini a leda ta sa mini a aljihu da hannunta. Ta ce, "Musa, ga shi nan. Yadda ka ɗauke shi, haka za ka dawo mini da shi." Kawu ya yi dariya ya ce sai ka ce akuyar aro.

Motar da muka samu a tasha ƙarama ce, an cusa mu kamar buhunan gyaɗa. Na rungume gurmi a ƙirji don kada ƙwaryar ta fashe, wata mata ta ɗora mini kwandon barkono a cinya, na yi ta atishawa har Agyaragu. A nan taya ta sace. Tun a tasha na nuna wa direban tayar na ce anya kuwa, ya ce in shiga kawai. Muka zauna ƙarƙashin wata bishiya ana faci, Iliya ya sayo mangwaro ya ce in ci, na ce ba a wanke ba. Ya ce, "Malam Anya, ranar da za ka mutu ma sai ka tambayi Mala'ika ko ya wanke hannu." Kawu ya shanye nasa ya shanye nawa.

Bayan mun wuce Obi muka tarar da 'yan banga sun gitta katako mai ƙusoshi a hanya. Babbansu ya ga kalangu ya ce ba mu wucewa sai an taɓa masa. Na tambayi sunansa na raɗa wa Kawu. Mutumin ya so ya yi ta maza, ya haɗe rai ya ƙi motsi, Kawu kuwa ya zauna a kan sunan daga cikin mota, fasinjoji suna tafi, har ya rasa yadda zai yi ya ƙame ya sara mana. Wannan ne kiɗan ƙarshe da na ga Kawu ya yi yana dariya.

A Awe muka kwana gidan wani mahauci, tsohon abokin Kawu. Da ma mahauta da masu kalangu ba su rabuwa. Ya ba mu tuwon dawa da miyar kuɓewa da nama har ya yi yawa. Da yamma ɗansa ya kai ni wurin matan da ke dafa gishiri. Mu a Lafiya gishiri a leda muka san shi, ban taɓa tunanin wahalar da ke cikinsa ba. Ƙasa suke kankarewa su zuba a tukwane masu huda, su kwarara ruwan gishiri a kai, abin da ya tsatso su dafa shi a kan wuta har ya ƙafe. Duk mata ne, hannayensu sun yi fari sun tsattsage. Wadda na saya a wurinta ta tambayi ina za a kai wannan mai yawa haka. Na ce gidan su Yohanna direba, tsallaken ruwa. Ta dakata da awo ta dube ni. Ta ce Gidan Saja ke nan, ashe tsohuwar tana nan da ranta. Na tambaye ta ko akwai wani abu, ta ce babu, ta ƙara mini gyara, ta ce in riƙe shi kada ya jiƙe.

Da safe muka hau babura. Tun muna wuce ƙauyuka masu mutane har muka fara wuce waɗanda ba kowa. Kowa ya san rikicin da ya tashi garuruwan yankin nan shekarun baya, ba sai na tona ba, amma jin labari daban, gani daban. Ɗakuna ba jinka, turmi a kife a tsakar gida, coci ba ƙofa, can gaba masallaci ciyawa ta fito a cikinsa. Mangwaro ya nuna ya zube a ƙasa yana ruɓewa, ba yaron da zai tsinta. Iliya da ke bayana ya yanke waƙar da yake yi. Kawu da ba ya gani ya tambayi ɗan acaɓarsa me ya sa garin nan ba a jin kaza.

A bakin wani rafi babura suka tsaya, suka ce iyakarsu ke nan, tsallaken ma ba jiharmu ba ce. Ba shinge, ba jami'i, sai wani tsoho da kwalekwale wanda ruwa ke shiga ta gindinsa. Ban iya iyo ba. Na ɗora buhun gishiri a ka na riƙe da hannu biyu, na rufe ido ina karanta duk addu'ar da na sani. Wajen sauka takalmina ɗaya ya maƙale a laka ruwa ya tafi da shi. Na faɗi wannan ne don a san gishirin nan ko ɗigo bai taɓa shi ba, ni na ɗauko shi, a bushe na kai shi.

Yohanna na jiranmu a tsallake. Muka taka ta cikin tsofaffin kunyoyin doya har muka hango gidan. Bene ne babba mai ruwan ɗorawa da ya koɗe, shi kaɗai a tsakiyar itatuwan mangwaro da lemo. Mahaifin Yohanna ne ya gina shi da ya bar aikin soja, shi ya sa ake ce masa Gidan Saja. Abin da ya fara damuna shi ne tsabtarsa. Duk gidajen da muka wuce sun mutu, wannan kuwa an share shi tas, tagogi duk a buɗe, labule a wanke. A bakin ƙofa ga kabarin Saja an shafe shi da siminti. Mu namu matattun bayan gari muke kai su, su kuwa a ƙofar gida suke ajiye nasu, a wuce su safe da yamma, har a zauna a gefen kabarin a ɓare gyaɗa. Na rasa ta inda zan bi, na zagaya ta nesa da ƙafa ɗaya ba takalmi.

Mama Rifkatu, mahaifiyar Yohanna, 'yar ƙaramar tsohuwa ce da ta ranƙwafa. Ta miƙo mini hannu, na ji nauyin ƙi, na ba ta. Ban kai ga tambayar abinci ba ta sa aka kawo mini kaza da rai da wuƙa ta ce in yanka da kaina, ga sabuwar tukunya ba a taɓa dafa komai a ciki ba. Ta nuna mana gabas, ta ba ni silifas. Ban taɓa zuwa inda aka riga ni tunanin abin da zai dame ni ba sai nan. Muka ci sakwara da miyar agushi. Kawu ya ce rabonsa da sakwara mai laushi haka tun yana saurayi, ta ce ai ita ma rabonta da daka wa baƙo ta manta.

Da na shiga ajiye kayanmu na ga ɗakuna a jere, kowace ƙofa da takalma a bakinta, na maza, na mata, har da 'yan ƙanana na roba. Na yi sallama a ƙofar farko. Ba a amsa ba. Na leƙa, gado a gyare, ba kowa. Na ce a raina wataƙila sun tafi gona.

A ƙarƙashin mangwaro an jera kujeru, na roba da benci da 'yan kujerun tsugunno. Mama ta karɓi buhun, ta bi kujerun tana shimfiɗa ganye a kan kowace tana zuba ɗan tsibin gishiri. Na tambayi Iliya ko al'adarsu ce, ya ce shi ko a wurin kakarsa bai taɓa gani ba. Na ce wa Mama mu jira baƙi su iso. Ta ce mu fara, in sun ji za su zo. Kawu ya goyi bayanta, ya ce da ma kiɗa ke kiran mutane, ba mutane ke kiran kiɗa ba.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da muka fara. Mama ta tsaya a kujerar farko ta ce wannan ta Dauda ce, ƙanin Saja, manomin doya, ba a taɓa riga shi kai sabuwar doya kasuwa ba. Na raɗa wa Kawu. Iliya ya ɗauki kiɗa, Kawu ya shiga:

Dauda na Saja, mai kunya kamar tudu,
Wanda ya riga ka gona ya kwana can.

Na yi amshi ina kallon hanya ko zan ga mai zuwa. Kawu ya maimaita, ya sake juya sunan, ya ƙara masa kirari. Can sai na lura tsuntsayen da ke cikin mangwaron sun yi tsit. Kawu ya gyaɗa kai wajen kujerar ya ce, "Madalla, na gode. Musa, wa ke biye?" Na dubi kujerar. Ba kowa a kanta. Amma tsibin gishirin ya jiƙe, ya zauna, ruwa na bin ganyen yana ɗiga ƙasa. A bazara, da tsakar rana, ko gajimare babu.

Na ce wa kaina raɓa ce daga bishiya. Muka yi na biyu, matar Dauda. Da Kawu ya ce ta amsa, gishirinta ya narke, na kujerar da ke gefenta yana nan a bushe. Na sunkuya na ce, "Kawu, kujerun nan fa ba kowa." Ya ce, "Ni ne makaho ko kai? Ba ka ji guɗarta ba? Kawo suna." Na dubi Iliya. Gumi ya jiƙa masa riga, leɓensa na motsi da addu'a irin tasu, amma hannunsa bai tsaya ba, don mai kalangu ba ya ajiye kiɗa kafin mawaƙi.

Haka muka yi ta bi. Mama ta faɗi suna da sana'a, in kai wa Kawu, ya riƙe har a amsa. Wani nan da nan, wani sai an daɗe. Duk wanda gishirinsa ya narke, sai ta dafa kujerar ta ce, "Ka huta." Hawaye na zuba amma ba ta yi sauti ba. Da muka zo kan 'yan kujerun tsugunno Kawu ya sassauta murya kamar mai rarrashin jariri. A kan wata mai suna Talatu ya yi murmushi ya ce wannan akwai kunya, sai da ya yi mata waƙar 'yar tsana sannan ta amsa.

Da azahar muka dakata. Na sami Yohanna a bayan benen zaune a kan turmi ya haɗa kai da gwiwa. Na ce ya gaya mini gaskiya saboda Allah. Ya ce duk sunayen nan mutanen gidansu ne da suka salwanta a shekarar rikici, wasu a daji, wasu a rafin da muka haye lokacin gudu, shi yana kan hanya da mota shi ya sa ya tsira. Ba a sami gawar ko ɗaya an binne a ƙofar gida ba. Ya ce su ma suna da mawaƙansu masu kiran sunan mamaci, amma sau ɗaya suke kira su wuce da sauri, a wurinsu haramun ne a tsaya jiran amsa. Mahaifiyarsa kuwa mai jira take nema. Na ce don me? Ya ce saboda Ayuba, autansu. Kowa an sami wanda ya ga faɗuwarsa, ban da shi. An dai ga ya shiga daji da gudu. Shekara da shekaru ba ta san ko ta yi masa kuka ko ta ajiye masa abinci ba.

Na koma na tarar Kawu ya idar da salla. Na gaya masa duka. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce tun a suna na uku ya gane, don masu amsawar ba ya jin numfashinsu. Na ce to mu nemi gafarar Allah mu tattara, ko takalmin ban nema ba. Ya tambayi saura nawa, na ce kujera ɗaya. Na riƙe masa hannu na ce, "Kawu, in ya amsa, ka karya zuciyar tsohuwar nan. In bai amsa ba fa? Ka san halinka." Ya ce, "Na sani. Amma uwa ce ta tambaya, Musa. Ta daka mana sakwara da hannunta. Miƙo gurmin."

Mama ta ce Ayuba bahago ne, yana koyon gyaran babur, yana da tabo a girar hagu inda ƙarfe ya taɓa yankarsa, kuma ba ya cin abinci sai ya rage mata loma. Kawu ya ɗauka. Ban taɓa jin ya yi waƙa kamar wannan ba, ban kuma so in sake ji. Ya kira shi da sunan uwa, ya kira shi da sunan uba, ya kira shi da tabon girarsa. Inuwar mangwaro ta bar kujerun ta koma bango. La'asar ta yi ta wuce. Mama ta durƙusa a gaban kujerar ta kafa wa gishirin ido, jifa-jifa ta sa yatsa ta taɓa. A bushe. Da rana ta yi ja sai ta miƙe, ta ɗora hannu a ka, ta rangaɗa guɗa da muryar da ban zaci tana da ita ba. Ta ce, "Bai amsa ba. Yohanna, ƙaninka bai amsa ba, yana da rai!" Ta shiga taka rawa a tsakanin kujerun da suka jiƙe, tana kuka tana dariya.

Ta zo ta durƙusa wa Kawu ta ce ya isa, Allah ya saka, ta sami abin da take nema. Kawu ya ɗan juyo ya ce, "Ba ke na kira ba, Mama." Ya ci gaba. Iliya ya ajiye kalangu, Kawu bai tsaya ba. Tsirkiya ta yanke shi a yatsa jini na bin ƙwaryar, na ƙwace gurmin, ya ci gaba da baki. Amsar nan da ya ba Mama ita ce magana ta ƙarshe da ya yi wa wani a gidan, kuma tun daga ranar abin da ya faɗa wanda ba waƙar Ayuba ba bai taka kara ya karya ba.

Da gari ya waye Yohanna ya goya shi har bakin rafi. Mama ta biyo mu da sanda, ta naɗe gishirin Ayuba a ganyensa ta sa mini a hannu. Ta ce wallahi ba ta san zai kama shi haka ba, ita dai ta ji an ce yana jira, ba ta san ba ya iya dainawa ba. Na so in yi fushi da ita, na duba ban sami inda zan sa fushin ba. A kwalekwale, a kan babur, a mota, Kawu na ta kira a hankali. Da muka zo shingen 'yan banga, babban nasu ya gane mu ya taho da dariya zai sara, ya leƙo ya ga Kawu, ya janye katakon.

Inna Laraba na tsakar gida tana tankaɗe muka shigo da shi. Ta dube shi, ta saurara, ta dube ni. Na ciro ledar maganin na miƙa mata, ban tsallake ko sau ɗaya ba wajen ba shi. Ta karɓa ta ce, "Sannu da hanya, Musa." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba abin da ba mu gwada ba. An yi rubutu ya sha, an yi sauka, an kai shi asibiti sun ba da maganin barci. Yana salla in an tsayar da shi, yana sallamewa ya koma. Abinci sai Inna ta dace da tsakanin baiti ta sa masa a baki. Iliya ya taɓa laɓewa bayan katanga ya sauya murya ya ce na'am. Kawu ya dakata ya ce, "Iliya, ban koya maka ƙarya ba." Iliya ya fito yana kuka, ƙato da shi. Na samo wani Ayuba makanike a bakin tasha na roƙe shi ya zo ya ɗaga hannu ya ce madalla. Kawu bai ko juya ba. Yohanna yana tambaya a duk garin da ya kai doya, har yau shiru. Muryar Kawu yanzu ta dushe, sai ka kai kunne kusa za ka ji, rigunansa duk sun yi masa yawa.

Gishirin nan Inna ta ɗora shi a kan wata kujerar tsugunno kusa da shimfiɗarsa. Na ce anya ya halatta, ta ce in bar shi. Damina ta zo ta wuce, gishirin miyarmu ya yi ta jiƙewa yana dunƙulewa a roba, wancan ko danshi bai yi ba. Kullum na dawo daga sallar asuba sai na je na taɓa shi. Ga abin da ya fi hana ni sukuni: na san in na same shi a jiƙe, Kawu zai sauke waƙar ya nemi koko, amma ɗan tsohuwar nan ya mutu ke nan. Akwai safiyar da na kama zuciyata tana fatan haka, na yi ta istigfari har rana ta fito. Ba na son Kawu ya warke ta wannan hanya, na kuma san shi ma ba zai so ba.

Saboda haka nake roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa hannunsa. In kun san wani Ayuba, bahago, mai tabo a girar hagu, wataƙila yana gyaran babur, wanda ba ya son a tambaye shi garinsu, ku gaya masa mahaifiyarsa tana nan a Gidan Saja, takalmansa na bakin ƙofar ɗakinsa, tana share su. In yana jin tsoron komawa can, ko yana jin kunyar daɗewar da ya yi, ba wanda zai tuhume shi. Ya zo kasuwar doya ta Lafiya ya ce Malam Anya yake nema, kowa zai nuna masa ni. Ba za mu tambaye shi inda ya shiga ba. Ya tsaya kawai a ƙofar ɗakin wani tsoho makaho da bai taɓa saninsa ba, ya ce na'am.